Matsar da Iyaka a Cikin Ordinatar

Ni da yayana ordinatar guda, wato kwamfuta, muka mallaka. Wanda ya sayar masa da ita a Maraɗi ya riga ya raba ma'ajiyarta gida biyu, ɗaya C, ɗaya D. Yayana ya dubi allon ya ce C nawa ne, tunda ni ne mushen lakkol, wato malamin makaranta, mai ƴan rubuce-rubuce, shi kuma ya ɗauki D, wanda ya fi girma nesa ba kusa ba. Na yi ƙorafi, ya ce girmansa ne ya ba shi. Abin da bai faɗa mini ba, ko shi ma bai sani ba, duk kayan aikin na'urar a ɓangarena suke zaune, suna ci suna ƙiba, ni ina takure a lungu.

Aikinsa allurar dabbobi ne. Da damina ta sauka sai ya hau babur ya nufi Azagor da rugagen da ke bayanta, ya daɗe, ya dawo baƙi wuluk, wayarsa cike da bidiyo. Shanu a bakin tabki, raƙumi yana harararsa, wani tsoho yana nuna masa shaidar da ke kunnen saniya, shi kuma yana ta zuba a bayan hoton, don yayana bai iya ɗaukar abu bakinsa a rufe ba. Duka yakan juye su a D. Ban taɓa zama na kalla ba, ina ganin lokaci yana nan.

Ya rasu a ƙarshen wata damina, bayan zazzaɓin ƴan kwanaki. Matarsa ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Mai Yara. Ordinatar ta zauna a hannuna, ni kuma na riƙa kewaye D kamar yadda ake kewaye ɗakin da aka kulle.

Ana nan sai layin C ya koma ja. Na'urar ta fara nawa, in na kunna ta sai in dafa shayi in sha kafin ta farka. Ga jarrabawa ta ƙarato, takardar tambayoyi ma ta ƙi ajiyuwa. Na goge duk abin da zan iya gogewa, a banza. Can gefe kuwa ga D, fiye da rabinsa fili fetal, ba komai a ciki.

Wani abokin aikina ya sa mini manhajar da ke rage ɓangare ɗaya ta ƙara wa ɗaya. Amma ya ja mini kunne. Filin da nake kwaɗayi yana can ƙarshen D ne, ba ya maƙwabtaka da C. Kafin in same shi, sai na'urar ta ɗauki kayan yayana kaf ta gusa da su gaba. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar wannan ɗaukar, shi ke nan, ba na nan ba na can. Batirin ordinatar ya daɗe da mutuwa, kuran ɗin garinmu Dakoro kuwa ba ya sallama in zai tafi. Na gwada kwafe kayan a ƴar kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ta cika tun ban ɗauki abin kirki ba. Tsoro ya kama ni sosai, domin muryar yayana ba ta rage a ko'ina ba sai a nan.

Inna ta same ni a tsakar gida na zuba wa allon ido. Na yi mata bayani gwargwadon iyawata. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Kenan iyaka za ka matsar."

"Inna, ba gona ba ce hwa."

"Ka ce wanga nashi ne, ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"To mu nan ba mu taɓa iyaka mai wuri bai tsaye. Shi ba shi nan, amma ya bar iyali. Ka aika a kira ta."

Raina ya ɓaci. Jarrabawa na bisa kaina, ana ce mini in tara shaidu saboda layi a cikin na'ura. Amma wanda ya san Inna ya san gardama da ita ɓata yawu ne. Na aika.

Matar yayana ta zo ranar kasuwa. Da can ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ranar kuwa gaisuwa kawai muka yi. Na ɗauki ordinatar muka tafi shagon wani mai cajin waya da ke da pano mai tara hasken rana a saman rufi, inda wuta ba ta jiran kowa. Rana ta take, ya ba mu benci a ƙuryar shagon.

Na nuna mata zanen a allo: dogon layi, ga nawa, ga nasa. Na kama iyakar na ja ta har ta dangana da kayan yayana, ban bar ko tsinke ba. Ta sa yatsa a kan wurin da na haɗiye.

"Wanga farin hwa, mi ke ciki?"

"Ba komi, Yaya. Wuri ne da bai kai ga cikawa ba."

Yatsan yana nan inda yake. Ni da nake ganin asarar wuri, sai a lokacin na ga abin da take gani: daminun da bai kai ba, tabkunan da bai ɗauka ba.

"Mushe," ta ce, "kar ka kwashe duka. Ka rage mashi."

Na mayar da iyakar baya, na bar masa fili mai yawa. Har yau yana nan yadda ta ce, ko da yake C ya sake cika tun tuni.

Na yi bisimilla na danna. Allon ya yi duhu, wani siririn layi ya fara tafiya a hankali. Ba abin yi sai jira. Wayoyin mutane birjik a kan tebur, kowace da ƴar fitilarta tana ƙiftawa. Daga nesa ana jin kukan shanu a kasuwa, zafi ya sauko mini a ido, na fara lumshewa. Sai na ga kamar garken yayana ne ake korawa a cikin na'urar, saniya bayan saniya, suna tafe cikin ciyawar arewa mai kai wa gwiwa, shi yana biye a kan babur bai kunna shi ba, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ban ji ana sauri ba. Har na ji ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka.

Ƙarar wani abu ta farkar da ni. Mai shago ne ya jona firjinsa, fitilun wayoyin suka dushe gaba ɗaya. Na miƙe ban san na miƙe ba, na daka masa tsawar da har yau in mun haɗu sai ya tuna mini. Ya zare da sauri. Layin ya tsaya cak. Matar yayana ta riƙe bakin bencin, leɓunanta suna motsi. Can sai layin ya ci gaba da rarrafensa.

Wajen la'asar na'urar ta kashe kanta ta sake tashi. C ya bar ja. Ban ko tsaya murna ba, na buɗe D. Komai yana nan, jere yadda ya bar shi.

"Wanne za a sa?" na tambaye ta.

"Ko wanne."

Na danna na farkon da hannuna ya faɗa a kai. Tabki ne, da shanu jajaye tsaye cikin ruwa, hoton yana girgiza. Sai muryarsa ta fito, garau, yana faɗa da wani bijimi: "Kai, matsa mani, ba kai ɗai ba ne kyakkyawa nan!"

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda na sani tun tana amarya. A tsakiyarta ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai shago ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa. Bidiyon ya ƙare, muka zauna.

Daga cikin mayafin ta ce, "Sake sa shi, Mushe."