Kukan Ɗana na Fari

Da sunan Allah, wanda yake hura rai inda ya so, ya karɓe shi sa'ad da ya so. Zan rubuta abin da ya faru da ɗana na fari, iyakar abin da idona ya gani da wanda kunnena ya ji, ko da yake shi kunnen har yau ban gama amincewa da shi ba.

A shekarun da Nasara suke ɗibar samari soja ne, ana kai su yaƙin da ba mu san inda ake yin sa ba. Ina zaune a Safana, ina karantarwa a zauren mahaifina. Matata kuwa da cikinta ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta, a wani ƙauye kusa da Batsari, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Cikin ya yi girman da mata suka riƙa cewa tagwaye ne. Bayan an gama cire gyaɗa, wani mai kai hatsi kasuwa ya tsaya a ƙofarmu ya ce matata ta sauka, an sami namiji, ana nema na. Bai ce mini barka ba. Sai da na ɗaura wa jaki akumari na yi nisa a hanya sannan na lura da haka.

Surukina shi ne limamin ƙauyen, dattijo mai ilimi, wanda ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Na durƙusa a zaure muka gaisa, ya tambayi mahaifina, ya tambayi amfanin gona, ya tambayi hanya. Da gaisuwa ta ƙare sai ya ce, "Kada ka sayi rago tukuna. Yaron bai yi kuka ba."

Na san abin da yake nufi, domin karatu ɗaya muka yi. Jaririn da ya zo duniya ya koma bai ɗaga murya ba, hukuncinsa hukuncin ɓari ne. Ba a raɗa masa suna, ba a yi masa wankan gawa, ba a yi masa salla. A naɗe shi a ƙyalle a binne. Amma ni a zatona wannan magana ta wanda ya faɗo ya mutu nan take ce. Na ce, "Baba, yana da rai dai?"

Ya ce, "Shiga ka gani."

Uban ɗan fari ba ya shiga ɗakin jego ya tsaya kallon ɗansa, kunya ce. Na tsaya a tsakar gida ina ta gyaran hula. Kakar matata, wadda ita ta karɓi haihuwar, ta leƙo ta ce, "Angona, kunyar me kake ji? Ka yi aika-aikar ka gama sannan ka zo kana mana sunkuye-sunkuye? Shigo, yau babu kunya a gidan nan."

Ta buɗe zanen. Abin da na fara gani shi ne kai, babba, goshin ya turo gaba, maɗigar ta kumbura tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗau a fatar. Hannuwansa da ƙafafunsa gajeru ne ƙwarai, a lanƙwashe, fatar ta tattare a kansu kamar an ɗinka wa yaro rigar da ta fi shi. Ƙirjin ɗan tsurut, cikin kuwa a sake, yana hawa yana sauka da sauri. Idanunsa a buɗe suke, amma baƙin ya gangara ƙasa, rabinsa ya ɓuya. Na duba in ga ko ya ɗauko ni ko uwarsa. Yatsunsa dai irin na mahaifina ne, faffaɗa.

Ina tsaye numfashin ya ɗauke. Leɓunansa suka yi baƙi. Na fara salati, na ɗauka shi ke nan. Kaka ta murza tafin ƙafarsa, ta hura masa iska a fuska, sai ya ja numfashi da ƙarfi ya ci gaba.

Ta ce, "Haka yake yi. Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, kamar ubansa da hanyar Safana."

Matata tana kwance ta juya fuska bango. Ita ma kunyar ɗan fari take yi.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne tsakanin zaure da ƙofar ɗakin nan. Yaron ba ya iya kama nono, sai a tatsa a ɗiga masa da bakin ludayi, wani ya shiga, wani ya dawo ta hanci. Na rubuta ayoyin waraka a allo na wanke, aka ɗiga masa shi ma. Wani lokaci hannunsa na dama da gefen bakinsa su kama rawa, idon ya kafe, sai can ya saki. Kaka ta yi duk dabarar da ta sani don ya yi kuka. Ta mintsine shi, ta yayyafa masa ruwan randa. Fuskar takan yamutse, bakin ya buɗe, kana ganin kuka sosai da idonka, amma babu murya.

Na tambayi surukina ko wannan bai isa ba. Ya ce motsi ba shaida ba ne, ragon da aka yanka ma yana motsi. Na ce na tuna kamar malaminmu ya taɓa cewa in jariri ya daɗe yana numfashi, ko ya sha nono da yawa, ana ɗaukar sa rayayye. Ya ce, "Daɗewa zuwa yaushe? Da yawa kamar yaya? Abin da ake ɗiga masa, shi ya sha ko zuba masa aka yi?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Na ga shi kansa yana so in kawo masa hujjar da za ta kayar da shi, ni kuwa karatuna bai kai nan ba. Na yi tunanin tafiya garin Zakka wurin malamin nawa in tambaya, na kuma ji tsoron in dawo in tarar an riga an binne shi.

Ranar kasuwar Batsari malamin asibiti ya zo yi wa yara lambar rigakafi. Na roƙe shi ya biyo ni, ya kuwa zo. Ya taɓa maɗigar a hankali, ya sa kunne a ƙirjin. Ya ce ruwa ne ya taru a kan, ƙasusuwan kuma tun a ciki ba su miƙe ba. Ya ce ƙirjin ya yi wa huhu kaɗan, kuma akwai abin da yake matse wurin da kai ya haɗu da wuya, shi ya sa numfashin yake yankewa. Ko an kai shi wurin likita Bature a Katsina, in ji shi, hanya kawai za ta wahalar da shi. Na ce, "To malam, a wurinku yana da rai?" Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce, "Ba ga shi yana numfashi ba?" Na koma zaure da wannan, surukina ya ce malamin asibiti ba a kan salla aka tambaye shi ba. Shi ma gaskiyarsa. Kowa na tambaya sai in ga ya yi gaskiya, ni kaɗai na rasa tawa.

Bai kai ranar suna ba. Wata la'asar, kaka ta fita waje ɗebo itacen ruwan wanka, ina durƙushe a bakin ƙofa, yaron yana cinyar uwarsa. Rawar nan ta kama shi, ta daɗe fiye da kullum. Da ta sake shi, ya buɗe baki, wani ɗan sauti ya fito, siriri, gajere. A daidai lokacin akwai 'yar akuya a tsakar gida, akwai kuma ƙyauren kara da iska take kaɗawa. Daga nan numfashin ya ɗauke. Uwar ta murza ƙafarsa kamar yadda kaka take yi, ta hura, ta sake hurawa. Bai dawo ba.

Surukina ya shigo cikin gida ya tsaya a nesa. Ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ce a nemo ƙyalle mai tsabta. Matata, wadda tun zuwana ban ji muryarta ba, ta yi magana daga cikin ɗaki.

"Baba, ya yi kuka."

'Ya ba ta yi wa ubanta zancen ɗanta na fari.

"Ya yi kuka, Baba. A cinyata ya yi. Na ji shi."

Kaka ta ajiye itacen ta ce, "Ni ban ji ba, ba zan yi wa Allah ƙarya da furfurata ba. Amma ba na nan. Ga angona nan, kunnuwa kamar faifai, a tambaye shi."

Surukina ya juyo gare ni. "Ɗana, ka ji?"

Na so in ce e, na so ƙwarai. Na kuma san shaida nake bayarwa a kan hukuncin Allah. Na ce, "Baba, na ji sauti. Bakinsa a buɗe yake lokacin. Ban san ko kuka ba ne."

"Daga gare shi ya fito?"

"Haka nake zato."

Ya daɗe yana jan carbi. Ina jin matata tana ƙoƙarin danne nata kukan. Can ya ce wa kaka, "Inna, ɗora ruwa, a sa magarya." Ya ce da ni, "Shiga ka raɗa masa suna kafin a wanke shi." Na shiga na sunkuya a kan kunnen da ba ya ji, na faɗi sunan mahaifina.

Da aka fito da shi, likkafanin bai fi tsawon kamu ɗaya ba, ya fi nauyi ta wajen kai. Maƙwabta suka taru a ƙofar gida, aka ajiye shi, aka yi sahu. Na nufi baya inda matasa suke tsayawa, sai surukina ya riƙo hannun rigata. Bai taɓa taɓa ni ba sai ranar.

Ya ce, "Ni ban ji ba. Kai ka ji. Wuce gaba."

Ya koma cikin sahu ya tsaya a bayana. Ban sani ba ko ya gamsu ne, ko tausayin 'yarsa ne, ko kuwa ya sauke nauyin ne a wuyana don in amsa shi da kaina gobe kiyama. Ban tambaye shi ba har ya rasu. Na dubi ɗan ƙullin farin da ke gabana, na ɗaga hannu, na yi kabbara, na ji muryarsa a bayana ta amsa tare da ta sauran mutane.