Rigar Da Kezban Ta Hana Ɗan Wanta

Kezban ba ta da ƙawa a zangonsu na makiyaya, kuma ba ta nema ba. Tun tana budurwa aka san ta da rawar cokula da kaifin baki. Duk bazara, in za a kora awaki kan duwatsun Toros, ita ke shiga gaban raƙuma cikin jar rigar uwarta mai fallaye uku, da ɗamarar azurfa, cokulan katako na kaɗawa a hannunta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka gangara birni, ita kuwa ta kafe a baƙin tantinta na gashin akuya.

Wanda ta fi tsana shi ne Hidayet, ɗan wanta, wanda ya sayar da garken ubansa tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Wata shekara ya hauro bikin aure da 'yan matan da ke yi wa baƙi rawa a wani otal na birnin Antalya.

"Gwaggo, ara mini rigar nan mana," ya ce. "Asu ne kawai ke cin ta."

"Asun ya fi ka sanin hanyar gida. Wa za ta sa?"

"Wata yarinya, gwana ce."

"Ta taɓa tatsar akuya?"

"Wa ke tatsar akuya yanzu? Daga ku sai ƙuma kuka rage a dutsen nan."

Da aka buga ganga, 'yan matan suka shiga fili da rigunan kanti suna yaƙe haƙora. Kezban ta fito cikin rigar, gwiwoyinta na ciwo, ta ratsa su kamar ba mutane ba. Ta nufi Hidayet tana kaɗa masa cokula a hanci, yana ja da baya, har igiyar tanti ta kwashe shi ya zube cikin kashin awaki. Fili ya kece da dariya.

Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Yi rawarki, tsohuwa. 'Ya'yanki ba sa son rigar. Ran da kika mutu hannuna za ta faɗo."

Washegari ta ɗauko almakashin aske awaki ta yayyanka rigar. Da ta zo kan wuyan da uwarta ta yi wa aiki, hawaye ya zubo mata, amma ba ta tsaya ba. Ta ɗaura wa raƙuma tsummokin, ta ba maƙeri ɗamarar ya narkar.

Ba ta ƙara rawa ba, ba su kuma ƙara gaisawa ba. Da ta rasu a hanyar gangarowa daga dutse, Hidayet bai zo jana'iza ba, ya aiko cewa motarsa ta lalace.