Man Kaɗanyar Gwaggo da Na'urar Sauraron Ƙwaƙwalwa

Ƙarfe goma da kwata na safe komai ya fara dagule mini, a wani zauren baje kolin fasaha da ke Samaru. Amma bari in faro daga gida.

Da asuba muka bar Funtua, ni da ƙawayena biyu 'yan ajinmu. A daren jajiberin tafiyar, kafin in kwanta, Gwaggo ta yi mini kitso, ta cika kowace tsaga da man kaɗanya, don a wurinta mace ba ta shiga baƙon gari da busasshen kai. Aikina na kammala karatu a kan na'urar da ake ɗorawa a ka ne, ta saurari ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba. Malamin da ke duba aikin ya ce ba zai sa hannu ba sai na taɓa ta, na kuma amsa masa tambaya ɗaya: shin mai na'urar zai iya sanin sirrin wanda ya sa ta? Yini ɗaya kacal masu ita za su yi a Zariya.

Hanya ta yi mana kyau. Masara ta yi kai a gonakin Giwa, a Shika kuma muka sayi gyaɗa dafaffiya ta taga. A Samaru muka karya da waina mai tsada, ƙanana kamar idon zakara.

A zauren na ga abubuwan mamaki. Ga hula ta direbobin tanka, wadda ke girgiza idan barci ya fara satar mutum. Ga wata da masu talla ke sa wa jama'a, su gano wane hoto ne ya riƙe hankali. Ga kuma motar wasa ja a kan tebur, wadda ba ta motsi sai ka tattara hankalinka a kanta. Da layi ya zo kaina, saurayin da ke kula da ita ya ɗora mini na'urar a kan hijabi, fitila ta nuna ja. Ya ce sai ta taɓa fatar kai. Na dubi zauren, maza maƙil. Ƙawata ta raɗa mini da sunan da suke tsokanata da shi, "Malama Shiru, yau fa sai kin yi magana." Ban iya ba. Saurayin ne ya lura, ya ce abokiyar aikinsu tana gwada wata na'urar da irin wannan motar a wani shagon wasannin yara a Sabon Gari, har zuwa la'asar.

Muka hau keke. Sabon Gari ta karɓe mu da ƙarar injin niƙa, waƙar coci da kiran sallar azahar, duk a layi ɗaya. Abokiyar aikin nasu injiniya ce mai fara'a. Ta ja labule, na cire hijabi, ta ɗora na'urar. Ja dai. Ta shafa tsagata da yatsa, ta shinshina, ta fashe da dariya. "'Yar'uwa, wa ya yi miki wannan ƙauna? Wutar ƙwaƙwalwa ba ta da ƙarfin ratsa wannan mai."

A shagon gyaran gashi na kusa aka wanke aikin Gwaggo tas, ba a tsefe kitson ba. Na dawo kaina da danshi, fitila ta koma kore.

Na zuba wa motar ido. Na daina jin kasuwa. Sai ta gusa. Hannuwana suna kan cinyata, ban furta komai ba, amma wani abu daga cikin kaina ya tura ƙarfe da roba a kan tebur. Na ce Subhanallah, nan take ta tsaya, don hankalina ya bar ta.

Bayan magariba muka iso gida. Gwaggo ta taɓa kaina ta yi salati, ta tashi neman kwalbarta. Ina zaune a gabanta tana shafawa, ina tunanin cewa na karanta shafuka barkatai, babu wanda ya ambaci man kaɗanya.

Tambayar malam kuwa, tun a Sabon Gari, sai da muka zo bakin ƙofar shagon wasannin za mu tafi na iya yi wa injiniyar, murya ƙasa-ƙasa. Ta daina naɗe waya ta dube ni.

"A yau dai ba ta san abin da kike tunani ba," in ji ta. "Ta dai san lokacin da hankalinki yake nan da lokacin da ya tafi. Ki gaya wa malaminku, idan maigidan aiki ne ya riƙe wannan, ba ƙaramin sirri ya riƙe ba."