Kunun Kanwar Gammo

Haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta, kowa ya sani. Amma uwar mijin 'yata ta kafe a Gammo za a yi, wai mu mutanen Kutama ruwanmu ba ya zafi. Na bar musu ita. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Safe da yamma matar nan sai ta tafasa tukunya, ta fyaɗa wa yarinyar ruwan da ganyen darbejiya, ta bi ta da kunun kanwa kwano guda.

Kwana tara da haihuwa kan 'yata ya sara, ta ce kamar an buga mata taɓarya. Ta faɗi tana shure-shure. Kafin in iso, matar ta gama zaga gidaje: wai farfaɗiya ce, a jininmu take, mun ɓoye musu. Har ta fara matsa wa ɗanta ya ba da takardar saki.

Daga asibitin Gwarzo aka tura mu Kano. Likitan farko ya ce yana zaton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ne suka kumbura. Aka ɗebi ruwan ƙashin bayanta, aka sa kanta a na'ura. Likita ta biyu, wata mai tabarau, ta ce ba kumburi ba ne, alamomin ne kawai suka yi kama: jini ne ya hau, jijiyoyin suka tsuke. Ta tambaye ni me yarinyar take sha.

Na ce, "Kanwa. Ga mai damawar can a bakin ƙofa."

"Inna, a daina daga yau."

"Ki faɗa da ƙarfi, likita. Kunnenta sai abin da ya ga dama yake ji."

Ta maimaita. Matar ta ce, "To ai mu ma da ita muka yi namu jegon."

Na ce, "Ai ga ta nan har yanzu a bakinki."

Ban tsaya nan ba. Na kai ta gaban alƙali a Kabo kan ɓata suna. Ya ce a yi sulhu. Na ce sulhuna ɗaya ne: duk gidan da ta shiga da maganar, ta koma ta kwashe abarta. Na bi ta ƙafa da ƙafa, inda ta rage murya in ce ban ji ba.

Auren bai mutu ba. 'Yata ta miƙe cikin wata uku, sai idon hagu da bai dawo duka ba. Da tsohuwar ta kwanta ciwon ajali, ta aiko a roƙar mata gafarata. Na ce a gaya mata saƙo ya iso.