Kwalin da Na Ɗauka Ba Za a Buɗe Ba

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Fagge sun riga sun sani, waɗanda ba su san ni ba kuwa babu abin da sunan zai ƙara musu. Abin da nake so matasa su ji shi ne yadda kayan wasan yara suka kai ni gidan yari, ni da gemuna.

A Rijiyar Lemo aka haife ni. Mahaifina tela ne, ya rasu ina aji uku a sakandare, ya bar mana keken ɗinki da suna mai kyau. Keken mun sayar don mu ci abinci, sunan kuwa ni na ɓata shi da hannuna. Inna, mahaifiyata, da ƙuli-ƙuli ta ƙarasa min makaranta. Ban taso da sata ba. Abin da aka san ni da shi a unguwa shi ne iya hannu: in rediyo ta yi shiru ni ake nema, in zif ya ƙi hawa ni ne. Mutane suna cewa hannun babana na gado, ni kuma kaina ya riƙa kumbura.

Ina da shekara ashirin da huɗu wani maƙwabcinmu ya haɗa ni da Madam Ngozi, wata Inyamura mai shagon kayan wasan yara na gwanjo a Kasuwar Sabon Gari. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. In aka kwance dilar kaya, a ciki akan sami buhunan wasu 'yan bululluka na roba masu launi iri-iri, waɗanda ake maƙala ɗaya a kan ɗaya a gina gida ko mota ko jirgi. Tare da su akwai 'yan mutane na roba, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, kai daban, hula daban, ƙafafu daban. Aikina shi ne in juye su a baho, in wanke da sabulu da tsohon buroshi, in shanya a inuwa don rana tana kashe musu launi, sannan in ware su. Madam ta koya min gane na asali da jabu. Na asali akwai ɗan rubutu a kan kowane ƙullutu, kuma in ka haɗa biyu sai ka ji sun ce ƙas.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba yara ne manyan masu saye ba. Duk Asabar bayan la'asar sai manya su cika bayan shagon: wani likita, wani lauya, wata ma'aikaciyar banki da wasu kamar shida. Su zauna a benci suna tona baho kamar kaji. Na ga mutum da furfurarsa yana rawar jiki saboda ya tsinci hular wani ɗan mutum da ya daɗe yana nema. A raina na ce lallai in kuɗi ya yi yawa hankali yakan ragu. Wannan rainin shi ne farkon lalacewata, domin wanda ka raina ba ka jin nauyin cutarsa.

A cikinsu mutum ɗaya ne ba mai kuɗi ba. Baba Lasisi, wani dattijon Bayarabe da ke zaune a Fagge, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Shi jirage kawai yake ginawa. Ba ya zuwa hannu Rabbana, ko tsire ko lemo sai ya riƙo min, kuma bai taɓa kirana da komai ba sai ɗana.

Satata ta farko ko sata ban kira ta ba. Wata rana ina zubar da ruwan wanki na ga wani ɗan mutum ya maƙale a ƙasan baho. Na ce ai da ban gani ba kwata zai bi, na jefa a aljihu. Daga baya na ɗauki hotonsa na sa a wani zauren masu irin wannan sha'awar a waya, kafin in ƙifta ido wani daga Legas ya saya, kuɗin kuma ya fi na abincina na mako. Daga nan baho bai ƙara fita ba tare da wani abu ya maƙale a ƙasansa ba. Sai na ci gaba zuwa musanya: in cire na asali, in mayar da jabu a gurbinsa. Madam ba ta taɓa lalube aljihuna ba, makullin shago ma a hannuna yake.

To, mutanen nan suna da wata al'ada. Ban da na gwanjo, Madam tana sa ƙaninta da ke ƙasar waje ya aiko musu sababbi a cikin kwali, a rufe daga kamfani. A wurinsu kwalin da ba a taɓa buɗewa ba ya fi daraja nesa ba kusa ba, musamman in aka daina yin irinsa. Mai hali yakan sayi biyu, ya gina ɗaya, ya ajiye ɗaya. Na ajiyewar sai a ɗora shi a kanta, a riƙa goge masa ƙura, wani lokaci a ɗauko a girgiza a kusa da kunne a yi murmushi a mayar. Na san wanda ya shekara biyar bai ga cikin abin da ya saya ba.

Ni nake kai wa kowa nasa gida. Wata rana ina tafe da kwali a kan cinyata cikin a-daidaita-sahu, sai zuciyata ta ce min: kayan da ba za a buɗe ba, wa zai san abin da ke ciki? Ba zan ɗora wa Shaiɗan laifin duka ba. Shi raɗa ya yi, amma ni na je shagunan Bata na sayo ƙaramin sikeli da gam da reza. Da tururin ruwan zafi nake sassauta bakin kwalin, in zare ledojin da ke ciki, in ɗura wasu da jabu da marafan robar ruwa da gutsattsarin fasasshen bokitin Inna. In auna har nauyi ya zo daidai, in girgiza har ƙara ta zo daidai, sannan in liƙe. Littafin da ke nuna yadda ake haɗawa kuwa a ciki nake barinsa. Hannun da ake yabo, ga inda na kai shi.

Baba Lasisi ya daɗe yana tara abin sayen wani jirgin ƙasa baƙi mai jajayen ƙafafu, wanda ya ce ya yi kama da wanda ya fara koyon tuƙi a kansa. Biyu ba za su sayu ba, don haka ɗaya ya sa aka aiko, ya kuma ce ba zai buɗe ba, ganin hoton jikin kwalin ma ya ishe shi. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta. Da kwalin ya iso, ran Alhamis Madam ta ba ni, ran Juma'a na kai masa. Kayan cikin na rarraba su ɗai-ɗai ga masu saye a Legas da Abuja. Abu ɗaya na riƙe, ɗan direban jirgin mai shuɗiyar hula, don ya ba ni sha'awa, na ɗora shi a kan tagar ɗakina. Da na miƙa wa Baba kwalin, rungume shi ya yi, ya girgiza a kunnensa, ya sa min albarka har sau uku. Na amsa da amin.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, likitan nan na cikinsu ya ce babu abin da zai tayar da yatsunsa kamar ya koma haɗa bulo. Baba ya ce to, tunda ya leƙa kabari ya dawo, ba zai mutu ya bar jirginsa a kwali ba. Ya gayyaci kowa zauren gidansa ran Asabar.

Na so in ƙi zuwa, amma Madam ta ce ni zan riƙe mata lemon da za ta kai. Muka tarar da shi a kujera, hannun dama yana kwance a cinya, kwalin yana kan tebur. Ya ɗago reza da hannun hagu ya miƙo min.

"Ɗana, kai ka kawo min shi, kuma hannunka ya fi na kowa a nan. Kai za ka buɗe min."

A nan ya kamata in faɗi ƙasa in faɗi gaskiya. Ban yi ba. Na yanka gam ɗin da ni na shafa, likita ya farke leda ta farko ya juye a faranti. Marafan roba suka gangaro, da gutsattsarin shuɗin bokitin Inna. Duk idanu suka koma kan Madam, tunda daga shagonta kayan ya fito. Matar nan ta miƙe tana rantsuwa da Allah, hawaye yana zuba, tana cewa ita yadda ya zo ran Alhamis haka ta ba ni ran Alhamis. Ina tsaye ina kallonta, ban ce uffan ba. A duk abin da na aikata, wannan shirun ya fi ba ni kunya har yau.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya juyo ya dube ni.

"Ni ran Juma'a na karɓa. Ɗana, ina kwalina ya kwana?"

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A ranar kowa ya koma gida ya farke kwalayensa. Kwali tara na taɓa, amma saboda ni har waɗanda ban taɓa ba sai da aka buɗe, darajar da aka shekara ana tattali ta zube. Baba ya ce shi ya yafe nasa, sauran kuwa suka kai ƙara, kuma ban ga laifinsu ba. Kotu ta yanke min shekara biyu.

Ba zan tsaya ba ku labarin gidan yari ba, wanda ya ce muku wuri ne na jarumai ƙarya yake yi. Cunkoso da ƙaiƙayi da yunwa duk jiki yakan saba. Abin da ban saba da shi ba shi ne ganin Inna a layin masu ziyara, ta rufe rabin fuskarta da mayafi, ta rame, ga ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu. Ba ta taɓa zagina ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. A can na koma sallah kan lokaci, na roƙi Allah gafara, amma wani malami da muke ɗaki ɗaya ya gaya min haƙƙin mutum sai mutum ya yafe.

Ranar da na fito, bayan na yi wanka na ci abinci, Inna ta buɗe wata tsohuwar langa ta ɗauko ɗan ƙulli a tsumma. Ɗan direban ne. Ta ce da 'yan sanda suka zo bincike yana kan taga, ba wanda ya kula da shi.

"Na san ba naka ba ne," ta ce. "Na ajiye ne don kai za ka mayar, ba ni ba."

Kwana uku ina zagaye layin gidan Baba ina komawa. A na huɗu na yi sallama. Yana zaure, ya tsufa ƙwarai, a gabansa kuma ga jirgin, baƙi da jajayen ƙafafu, tsawonsa ya kai kamu biyu. Na durƙusa a gabansa. Ya ce in tashi in zauna, ya yafe min tun ranar, maganar ba ta canja ba.

Sannan ya ba ni labari. Ashe a bayan littafin da na bari a kwalin akwai hoton kowane ɗan bulo da ake buƙata. Mutanen nan da na raina suka ɗauki hotunan a wayoyinsu, suka shiga nema. Duk dilar da aka kwance, Madam da kanta take zama ta tona. Wani ya ciro daga nasa ginin ya kawo, wani ya sa aka aiko daga Legas. Shi kuma Baba yana haɗawa a hankali, hagu tana maƙalawa, dama tana dannawa, har dama ta farfaɗo ta iya riƙe carbi. Ya nuna min gaban jirgin ya ce komai sun samu, direba kaɗai suka rasa, an ce an daina yin irinsa.

Na kwance tsumman na ɗora masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya cire rufin jirgin da hannun hagu, ya sake miƙo min ɗan direban.

"Yatsuna ba za su shiga nan ba. Zaunar min da shi, ɗana."

Na zaunar da shi, ya ce ƙas. Na yi kukan da ban yi a kotu ba.

Madam ba ta mayar da ni shago ba, kuma ta yi daidai. Amma da na je neman gafararta ta saurare ni har ƙarshe, bayan wata biyu kuma ta fara aiko min da buhunan wanki zauren Baba. A nan nake aiki yanzu, a gaban idonsa. Ba wanda ya ce in yi, amma kullum kafin in tashi sai na zazzage aljihuna. Na gode wa Allah da ya tona min asiri ina da sauran ƙarfi. Na gode wa Inna, na gode wa Madam, na gode wa dattijon da na cuta ya ci gaba da kirana ɗansa.

Ku matasa, musamman masu aiki a ƙarƙashin wani, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Kada ku raina abin da wani yake ƙauna don ku ba ku gane daɗinsa ba. Abin da ya maƙale a ƙasan baho ba tsintuwa ba ne, yana da mai shi, ku mayar tun yana guda ɗaya. In kuma zuciya ta ce muku ai ba wanda zai duba, ku tuna da ni. Ni ma na tabbata ba za a buɗe kwalin nan ba, kuma da ranar ta zo, ni aka miƙa wa rezar.