Ita Tana Kallona

Lokacin da muka yi karatun likita a babban asibitin Bantama, kwamfuta ɗaya ce a sashenmu, an rufe ta da ƙyalle, sakatariya kaɗai ke taɓa ta. Da hannu muka koyi aiki, da kunne.

Da hannun nan na riƙe wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Alabar, tun mijinta na raye. Hawan jini ne ciwonta, amma ba ta taɓa fara maganarsa sai mun gama gaisuwa: gida, yara, kasuwa, ƙafar matata. "Ɗana" take ce mini. A duk marasa lafiyana ita ce ba na so in rasa.

Sai ƙaramin asibitinmu ya daina aiki da kati, aka ajiye mini kwamfuta a tebur. Aka kuma ɗauko sabuwar likita, yarinyar da wallahi na haife ta, aka sa ta ɗakin da ke jikin nawa. Su 'yan zamani a makaranta aka koya musu kwamfuta. Tana rubutu da yatsu goma, idonta na kan mara lafiya, har da murmushi. Ni kuwa yatsa biyu, kai a sunkuye, ina farautar baƙaƙe kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In na ji ƙarar yatsunta ta bango, sai haushi ya kama ni. Kishi ne, ba na ɓoyewa.

Da Hajiya ta zo awo, tana gaishe ni ina amsawa, "Lafiya, lafiya," idona na neman inda ake shigar da magani. A zango kuwa, unguwarmu ta Hausawa, in babba na gaishe ka ka ƙi ɗago kai, ai ka gama magana. Ta koma gida tana tambayar 'ya'yanta laifin da ta yi mini.

Wata na gaba ina hutu, yarinyar ta duba ta. Ta koya wa 'yar Hajiya ɗaukar hoton awon jini a waya, ta ce a riƙa turo mata daga gida. Kai! Ni da na san jinin matar nan tun kafin yarinyar ta shiga firamare.

Na yi ta atisayen rubutu da kwamfuta a gida, matata na mini dariya. Ranar awon Hajiya na tura kwamfutar gefe, na gyara kujera. Ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗana, sannu da aiki. Na ga ya yi maka yawa, ba zan ƙara maka ba."

"Haba Hajiya, ki shigo mana."

"A'a, yi abinka. Ita yarinyar, ka ga, tana kallona."

Ta wuce ɗakin gaba. Ina zaune na ji ta fara gaisuwa, tun daga gida.