Baba Barthélemy, Mai Gadin Dajin Zuma na Ngong

Kafin rana ta ɗaga, Baba Barthélemy ya riga ya bar Ngong a kan tsohon kekensa, ya nufi dajin da aka ba shi gadi tun shekarun farko na 'yancin kai. Aikinsa hana sara da gobara. Shi kuwa ya ƙara wa kansa wani aikin da ba wanda ya sa shi: kula da ƙudan zuma.

A wajensa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai harbi da kowa ya sani, akwai galla, 'yar ƙarama marar harbi mai shiga ido in mutum ya yi gumi, akwai kuma baƙin nan mai huda busasshen itace. Yakan ce kowanne da lokacinsa. Wasu sai kaɗanya ta yi fure da rani suke cika daji, wasu ba a ganinsu sai ruwan farko ya jiƙa ƙasa.

Shekarar babban fari, rafi ya ƙafe, furanni suka ƙi fitowa, ƙudan suka fara ƙaura. Hajiya Aminatu, mai sayar da zuma a kasuwar Garwa, ta gan shi da idonta yana turo keke da tulu biyu a tsakar rana, yana zuba ruwa a kasake ƙarƙashin itatuwa. Ta tambaye shi ko hankalinsa ɗaya, mutane na neman na sha shi yana shayar da ƙwari.

"Hajiya," ya ce, "in suka tafi, ɗorawa ba za ta yi 'ya'ya ba. Baɗi da me za ku yi daddawa?"

Wasu masu ɗiban zuma da suka saba cinna wa itace wuta sun taɓa jifansa da dutse. Bai kai ƙara ba. Da goshinsa ya warke, gidajensu ya bi yana nuna musu yadda ake ɗiba da hayaƙi kaɗan, a bar wa ƙudan rabonsu. Wasu sun ji, da yawa ba su ji ba. Gonakin auduga kuma kullum matsowa suke, yanzu rabin dajin ya zama kunyoyin noma.

Baba, kai ne ka tsaya inda babu mai tafa maka. Kai ne ka sha harbi har fatarka ta daina kumbura. Bana gwiwoyi sun ƙi, ka ajiye aiki, har yau ba a turo wani a madadinka ba. Matarka, Inna Geneviève, ta ce ba ka yawan magana yanzu.

Mun gode, Baba. Useko, in ji Fulani. Allah ya huta gajiya.

Ku kuma samarin Ngong da Pitowa, kada ku jira a naɗa ku masu gadin dajin. Ku je ku zauna da shi, yana nan ƙofar gida kullum da hantsi, fuskarsa wajen daji.